Doyar Maman Ladi

Ɗazu na tarar da matar ɗana tana kokawa da jikata, cokali a hannu, koko har cikin kunne. Dariya ta kama ni, don haka uban yarinyar ya yi min a Ketaren Gwari, tun shekarun 1980.

Ya fara zama, nono ya daina isar sa, har ya soma ramewa. Amma da ya hango cokali sai ya datse baki. Rannan na gaji na zauna ina kuka.

Maƙwabciyata Maman Ladi, Bagwariya, ta leƙo ta katanga.

"Amarya, ke za ki iya ci an tsare ki da ido haka? Kawo shi!"

Ta ɗora shi a cinya, tsakiyar 'ya'yanta da ke cin doya da manja, ko kallonsa ba ta yi ba. Ya bi loma da ido, ya bi wata, can sai ya ƙwalla ƙara. Sannan ta murje 'yar doya lugwi-lugwi ta lakata masa a baki. Har yatsanta ya so haɗiyewa!

Ƙaton nan har yau ba ya iya cin abinci shi kaɗai.

Ku fa, da wace dabara naku suka buɗe baki?