Hatimin Baba Wole

In ka biyo titin gidan Zoo ka shigo layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi, tsakanin shagona na ɗinki da na Sadiq mai cajin waya, nan teburin Baba Wole ya yi shekara talatin da wani abu. Ni a wurin na tarar da shi lokacin da na kama shago. Sunansa Oluwole, mutumin Ogbomosho ne, ya zo Kano yana saurayi. Hausa kuwa, in ya tashi tsokanarka, sai ka rasa ta cewa. Ni Huraira da aka sani da baki a layin nan, shi kaɗai ke kashe min shi.

Sana'arsa sassaƙa hatimi. Ya yanki roba ya manna a ɗan katako, ya rubuta haruffa a baibai da biro, sannan ya ɗauki rabin reza ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wallahi sau nawa nake barin keke in tsaya ina kallon hannun nan! Dattijo ne mai ciwon gwiwa, gilashinsa ɗaure da zare, amma hannun ko motsi ba ya yi. Da na kwamfuta suka shigo gari aka ce tasa ta ƙare, sai ga makarantu da masu kemis har daga Babban Giji suna kawo masa aiki, don sun ce nasa ba ya cinyewa. Kowane hatimi kuma yana bar masa alama: a zoben waje, ƙasa ta hagu, akwai ɗan giɓi kamar ƙwayar gero. Ba kowa ya san wannan ba.

Yana da doka guda. In aikin ofis ne, ba ya taɓa reza sai ya ga wasiƙa, kuma sai ya taka da ƙafarsa ya je ofishin ya ji daga bakinsu. Mutane sun sha zaginsa a kan wannan, ni ma na taɓa ce masa ya cika tsirfa.

Bara, saura kwana huɗu ƙaramar sallah, da hantsi, wasu mutum uku suka shigo layin. Riguna masu ƙyalli, kati rataye a wuya, ɗaya da fayil, ɗaya da sarƙa da ƙaton kwaɗo. Suka ce daga ofishin haraji suke, harajin shago na shekara biyu, a biya yanzu ko su garƙame. Sun riga sun gama da Unguwar Gano, in ji su. Sadiq ko musu bai yi ba, ya biya ta waya. Da suka iso kaina na tashi da faɗa, na ce ban da labarin wani haraji sabo. Babbansu, mai fayil ɗin, ya miƙo min takarda mai hatimi shuɗi, ya yi wa mai sarƙa alama da kai. Ɗinkin sallar mutane ne fal a shagon, har da na amare. Ya ce, "Hajiya, ko kuɗi a hannu, ko ga lamba ki tura." Na ciro waya.

"Huraira, miƙo min takardar nan," in ji Baba daga teburinsa.

Na miƙa masa. Ya gyara gilashi, ya kai ta dab da hancinsa, ya daɗe yana kallon wuri guda. Na sunkuya na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce a hankali, yadda ni kaɗai na ji, "Aikina ne, 'yata. Ni na sassaƙa wannan."

Daga baya ya ba ni labarin. Wata huɗu kafin nan wani yaro mai kyan shiga ya zo masa da wasiƙa, ya gaishe shi da Yarbanci har ƙasa, ya tambayi mutanen gida. Ranar gwiwa ta matsa wa Baba, ga daɗin jin harshen garinsu, sai ya ce to, ba sai ya je ofishin ba. Sau ɗaya kenan a shekara talatin ya karya dokarsa.

Amma a lokacin ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne, in ya buɗa baki, shi ma ya shiga ciki. Wanda ya yi wa 'yan damfara hatimin gwamnati, wa zai yarda bai san komai ba? Ga shi tsoho, ba shi da kowa a garin sai mu. Na riƙe masa hannun riga na ce, "Baba, don Allah ka yi shiru. Ka rufa wa kanka asiri, zan biya su su tafi." Ina faɗa ba kunya, abin da na ce kenan.

Ya zare hannuna, ya dafa tebur ya miƙe.

"Kai, mai fayil, lambar da ka ba ta, sunan wa ke fitowa in an saka?" Mutumin ya ce wa Baba ba ruwansa. Baba ya juya ga Sadiq, Sadiq ya duba wayarsa ya karanto sunan wani mutum, ba na hukuma ba. Baba ya ɗaga murya yadda har masu adaidaita sahu da ke bakin layi suka waiwayo. Ya ce tun da yake biyan haraji a garin nan bai taɓa zuba shi a asusun wani mutum ba, bai kuma taɓa damƙa shi a hannu a bakin titi ba. Takarda ake ba ka, ka je banki, ka karɓo shaida. "In ku na gaskiya ne, ga adaidaita, mu tafi ofishinku tare, ni zan biya kuɗin mota."

Babban nasu ya yi dariya, ya fizge takardar daga hannun Baba ya ɗaga ta sama. "Tsoho, ba ka ga hatimin hukuma ba?"

"Na gani. Ni na sassaƙa shi a teburin nan. Duba ƙasa ta hagu, ga alamata."

Mutumin ya matso dab da shi ya ce ƙasa-ƙasa, "To in haka ne, in aka kama mu da kai za a tafi." Baba ya ce, "Na sani. Sai mu tafi."

Tabɗi! Mai sarƙa ya yar da ita ya ranta a na kare, masu adaidaita suka tare sauran biyun. Samari sun fara ɗaga hannu, Baba ya shiga tsakani da gurguwar gwiwarsa ya ce kada wanda ya taɓa su. Da 'yan sanda suka zo, ba wanda ya nuna Baba. Shi ya kulle akwatin aikinsa, ya ɗauko littafin da yake buga gwajin kowane hatimi a ciki, ya buɗe musu shafin, ya ce a tafi da shi.

Kwana uku ya yi a can, don mutanen nan sun dage cewa da shi ake rabawa. Mu 'yan layi muka yi ta sintiri, Musulmi da Kirista, har limaminmu ya je ya tsaya masa. Abin da ya fisshe shi, wasiƙar jabun da yaron ya kawo tana nan manne a littafin, bai yar ba. Aka sake shi ranar jajiberi.

Na ɗauka shi kenan. Ina! Magana ta riga ta zaga duk yankinmu na Tarauni, kuma rabinta ne ya zaga: tsohon nan na Gyaɗi-Gyaɗi shi ke yi wa ɓarayi hatimi. Makarantu suka janye aikinsu. Shi kuwa, maimakon ya zauna ya huta, bayan sallah sai ya kama bin shagunan Unguwar Gano ɗaya bayan ɗaya, duk inda aka biya mutanen nan, yana cewa, "Hatimin da aka cuce ku da shi ni na yi, ku yafe min," yana kuma koya musu duba sunan asusu kafin su tura ko sisi. Wasu sun ba shi kujera da ruwa. Wani mai shagon siminti ya kore shi kamar kaza. Na yi masa faɗa sosai, na ce wa ya aike ka? Ya ce in koma kan kekena.

Sai kuma hannun ya fara rawa. Ya ɗauki reza ya kai kan roba, ya ajiye. Wata biyu ina kallonsa yana zuwa da safe, ya buɗe akwati, ya rufe da la'asar ba abin da ya yanka. Ƙarshe 'yarsa Omolola, wadda ke aikin jinya a Ibadan, ta zo ta ce ba za ta koma ba sai da shi.

Ranar tafiyar na kai masa yadin da na ɗinka masa, na durƙusa, kuka ya ci ƙarfina. Na ce, "Baba, da ka ji maganata ka yi shiru, da yanzu kana kan teburinka."

Ya karɓi ɗinkin ya ɗora a cinya. Sannan ya ce, "Na ji ki sarai ranar nan, Huraira, kuma na so in bi. Tsoro nake ji kamar in yi fitsari a wando. Amma ina zaune ina kallo, da aikin hannuna za a karɓe miki kuɗi. Gobe da wane ido zan amsa gaisuwarki?"

Omolola ta kama shi ta saka a adaidaita. Da zai ɗago min hannu, sai da ya tallafe shi da ɗayan.