Baya Fes a Shagon Gem na Bekaji

Duk wanda ya taɓa hawa keke mai ƙafa uku daga Demsawo zuwa kasuwar Jimeta ya san Absalom. In bai san sunansa ba, to ya san wuyansa, don in ka zauna a kujerar baya ba ka ganin titi, sai dai ka yi imani cewa akwai titi a gaba.

A ƙauyensu, can ƙasar Numan, ɗan kokawa ne tun yana saurayi, kuma duk shekarun da ya yi yana shiga fage ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. A kokawar garinsu abin da ake nema ke nan. Da zarar bayan mutum ya taɓa ƙasa magana ta ƙare, wanda ya yi kayen ya miƙa hannu ya ɗaga ɗan'uwansa, a buga ganga, kowa ya kama gabansa. Shi ya sa aka sa masa suna Baya Fes. Sunan ya biyo shi Jimeta. Ya yi gadi da shi, ya sayar da busasshen kifi da shi, ya yi aure da shi, da ya samu keke kuma ya sa aka rubuta shi a baya da jan fenti, manyan baƙaƙe, yadda ko mai ciwon ido zai karanta. Yanzu tumbi ya fito, gwiwa tana ƙara in zai miƙe a coci, amma sunan yana nan daram. Matarsa Keturah, malamar firamare, takan ce in da gobara za ta tashi a gidan, sunan zai fara fitarwa kafin ya dawo ya ɗauke ta.

To, wata Asabar da rana ya sauke fasinja a Bekaji sai ruwa ya ɓarke, irin wanda ke shiga keke ta gefe ya fita ta ɗaya gefen. Ya faka, ya faɗa shago mafi kusa. Ashe shagon Wilson ne, mai gidan gem. Talabijin a jikin bango, benci, fanka mai juya kai kamar tana neman wanda ya zage ta, da samari sun cika wajen suna ihu. A cikin talabijin wasu mutane biyu suna ta jibgar juna, a waje kuma masu jibgar suna zaune lafiya lau, kowa riƙe da pad, wato ɗan abin nan mai botin-botin da ake dannawa.

Absalom ya tsaya ya kalla, ya yi dariya har tumbinsa ya girgiza.

"Wannan ne faɗa? Da yatsa? Kai, duniya ya lalace."

Wadda ta juyo ta dube shi wata siririyar yarinya ce mai tabarau, Tracy, ɗalibar jami'a da ke zaune a Sangere, takan zo Bekaji wajen gwaggonta ƙarshen mako. Ta matsa masa a benci.

"Bappa, zauna ka gwada mana. Tunda yatsa ne kawai."

Da ya san abin da ke gaba da ya koma cikin ruwan. Amma ya zauna, bencin ya yi kuka. Aka nuna masa jerin mayaƙa ya zaɓa, ya tsallake masu takobi da masu wuta a hannu, ya nuna wani ƙato mai tumbi da ɗan kamfai, ya ce wannan ya yi kama da mutumin kirki. Tracy ta ɗauki wata mai kitso ɗaya da dogayen ƙafafu.

Aka fara. Absalom ya dinga danna komai a lokaci ɗaya kamar mai kashe tururuwa. Ƙatonsa ya yi tsalle, ya durƙusa, ya naushi iska, ya juya baya. Can, Allah kaɗai ya san me ya danna, ƙaton ya cafke mai kitso, ya ɗaga ta sama, ya maka ta da ƙasa, tim! Bayanta ya taɓa ƙasa, kowa ya gani.

Absalom ya ajiye pad a benci. Ya miƙe, ya ɗaga hannu biyu sama, ya fara taka rawar da yakan taka a fage, kafaɗa na rawa, ƙafa na jan ƙasa. Yana cikin juyi bai ga mai kitso ta tashi ba. Ƙatonsa yana tsaye shi kaɗai kamar wanda aka aika ya manta saƙo, ta dinga zuba masa ƙafa har layin da ke saman talabijin, wanda yara ke kira jini, ya ƙare tas. Ƙato ya zube wanwar, baya a ƙasa, ƙafa a sama.

Shagon ya kece da dariya. Abin takaici, cikin masu fakewa ruwa akwai Bobboyi, abokin aikinsa a tashar keke, mutumin da in ya ga abin dariya ba ya iya cinye shi shi kaɗai. Ya ɗauki komai a waya, har rawar.

Kafin Litinin bidiyon ya zaga tasha, ya zaga kasuwa, ya shiga ƙungiyar matan coci. Da safe Absalom ya shigo layi, Bobboyi ya tare shi da gaisuwa har da rusunawa.

"Barka da asuba, Baya Buɗu-buɗu! Yaya jikin?"

"Ni ba a kada ni ba. Ni na fara kada shi. Kowa ya gani."

"Mun gani, wallahi. Mun kuma ga yarinya ya tashi ya yi maka wankin babban bargo."

Har fasinja suka ɗauka. Wata tsohuwa ta hau kekensa ta ce, "Ɗana, kai ne wanda aka buge a talabijin? Sannu." A gida kuwa, da ya juya zai shiga wanka, sai Keturah ta kakkaɓe masa baya a hankali, tana cewa wai ta ga ɗan datti.

Abin ya ci shi. Sunan da ya kare a gaban ƙartin da ke ɗaga buhun masara da hannu ɗaya, ga shi yarinya mai tabarau ta karɓe tana zaune. Sai ya fara ɓacewa daga tasha da tsakar rana, lokacin da zafin Yola ke korar fasinja cikin gida, ya ɓoye keke a lungu, ya shiga shagon Wilson ta baya.

"Oga Wilson, ka koya mini yadda ake fitar da wuta a hannu."

"Baba, bar wuta tukuna. Ka fara koyon tarewa. Ka ga wannan? In ka ja baya ka riƙe, mutuminka zai kare fuskarsa. Yau ba za ka naushi kowa ba, ni zan yi ta dukanka, kai ka tare."

"In zauna ana duka na?"

"Ai ko ba ka zauna ba ana dukanka, Baba."

Haka aka fara. Wilson ya hana shi canza mayaƙi, ya ce ya riƙe ƙatonsa har ya san tsawon hannunsa da inda ƙafarsa ke kaiwa. Ya hana shi kallon yatsunsa, ya ce idonsa ya tsaya kan abokin faɗa. Ya hana shi tsalle, don duk wanda ya iya wasa yana jiran mai tsalle ne ya tarbe shi a sama. Ya ce ya bar mutum ya kawo duka ya kuskure, sannan ya rama a wannan ɗan tsakanin. Wannan na ƙarshe ya yi wa Absalom daɗi, ya ce ashe yaran nan ba duka suka haukace ba.

Matsalar ita ce jikinsa bai yarda cewa faɗan na yatsa ne ba. In ƙato zai kauce, Absalom ya kauce har ya ture na kusa da shi daga benci. In zai yi shuri, ƙafarsa ta gaske ta tafi. Fankar Wilson ta sha shuri har ta daina juya kai, ta tsaya tana kallon bango. Babban yatsansa kuwa, wanda riƙon kan keke ya mayar kamar ƙahon rago, yakan danne botin biyu a tare, Wilson ya dinga kallon pad ɗinsa kamar uwa na kallon ɗanta a hannun maƙwabci.

Da sannu dai abu ya fara shiga. Ya iya tarewa sama, ya iya tarewa ƙasa. Ya gane botin ɗin kamu, ya riƙe shi kamar gadon ubansa. Ya fara cin ƙananan 'yan wasa, yana yi musu nasiha bayan ya gama da su. Abu ɗaya ne ya gagara. Duk lokacin da ya yi kaye, hannunsa sai ya saki pad da kansa.

"Baba, riƙe! Ba a gama ba! A nan faɗuwa ba komai ba ne, sai jini ya ƙare. In ya faɗi ka bi shi, ka taka shi kafin ya tashi."

Absalom ya juyo gaba ɗaya ya dube shi.

"A taka mutum yana ƙasa? Wa ya haife ku ne?"

"Ba mutum ba ne, Baba, hoto ne."

"Ko hoto ne yana da iyaye."

Sakin pad dai an yi maganinsa, Wilson ya samo tsumma ya ɗaure masa shi a hannu har ya saba. Takawar kuwa, Absalom ya ce ya ji, zai yi in ranar ta zo. Sannan ya aika wa Tracy saƙo ta bakin Bobboyi, don ya san ta nan zai fi saurin isa ko'ina: Asabar, shagon Wilson, turmi uku, wanda ya ci biyu ya ci.

Ranar, kekuna suka yi layi a ƙofar shagon har kwana, mutanen Bekaji suna tsaye a bakin titi suna mamakin ko yajin aiki ake. Keturah ma ta zo, ta ce wucewa take yi, ta zauna a kujera mafi kyau. Tracy ta shigo ta gaishe shi da ladabi, ta goge tabaraunta.

"Bappa, yau ma akwai rawa?"

"Zauna, 'yata. Rawa sai an gama."

Turmin farko ta cinye shi, amma da gumi, don duk inda ta kawo ƙafa sai ta tarar da ƙato ya rufe fuska yana jira. Turmi na biyu ta gaji da jira ta yi tsalle, ya tarbe ta a sama. Ta sake matsowa, ya tare, ya tare, ta kuskure, ya cafke ta ya buga da ƙasa, jininta ya ƙare a kan kayen. 'Yan keke suka yi ihu har janareta ya ji kunya. Bobboyi da kansa ya manta yana ɗauka, wayarsa tana kallon silin.

Turmi na uku aka yi shi kamar cinikin saniya, kowa na ja, ba mai son sakin farko. Jinin ƙato ya yi ƙasa, na mai kitso ya yi ƙasa. Gumi ya jiƙe rigar Absalom, harshensa a waje, benci na tafiya da shi gefe-gefe. Sai Tracy ta kawo wani shuri mai tsawo, ya wuce ta saman kan ƙato. Absalom bai yi wata-wata ba, ya kama, ya ɗaga, ya maka.

Mai kitso tana kwance. Jininta saura kamar zare. Shuri ɗaya, ko ɗan taɓi da yatsan ƙafa, an gama.

"Taka shi, Baba!"

"Taka! Taka!"

Wilson ya dafe kai yana tsalle. Har Keturah ta miƙe, jakarta ta faɗi, tana cewa, "Absalom, taka ta mana!"

Pad yana hannunsa gam, bai saki ba. Yatsansa yana kan botin ɗin, ya san shi sarai. Ya dubi mai kitso kwance a ƙasa, baya shimfiɗe. Sai aka ga ƙato yana ja da baya, taku ɗaya, taku biyu, ya ba ta fili. Absalom ya ɗaga haɓa ya yi wa talabijin magana da babbar murya.

"Tashi mu sake."

Ta kuwa tashi. Tracy ba 'yar ƙauyensu ba ce, ba ta san wannan karamcin ba, ko ta sani ba ta nuna ba. Mai kitso ta taso da wani shuri mai juyi tun daga can, ya sauka a haɓar ƙato, ƙato ya tafi ƙasa da dukkan tumbinsa.

Ihun da aka yi ya tsorata awakin maƙwabta. Wilson ya zauna a ƙasa dirshan. Tracy ta cire tabarau tana dariya har da hawaye, ta ce, "Bappa, me ya sa? Ka riga ka ci fa!"

Absalom ya ajiye pad a hankali, ya share fuska da gefen riga.

"A garinmu ba a haka," ya ce. Sannan ya ƙara, "Asabar mai zuwa kina gari?"

Baya Fes dai bai dawo ba, sunan ya tafi ke nan. Amma Buɗu-buɗun ma bai kwana ba, don kafin yamma sabon bidiyo ya danne tsohon, kuma abin da mutane suka riƙe a ciki kalma uku ne. Washegari bayan an taso coci yana tafe a hankali ta Demsawo, wata mata da kwandon kayan miya ta ɗaga hannu daga tsallaken titi ta ƙwala kira.

"Tashi-Mu-Sake! Kasuwa!"

Ya yi kamar bai ji ba, ya wuce ta kaɗan. Sannan ya taka birki, ya leƙo da wuyan nan nasa.

"Hajiya, shigo ta wannan gefen, can akwai taɓo."