Baƙuwar da Ta Shaƙe Mangwaron Baba

Yayana ne ya kawo ta daga garin Damazin a cikin gwangwanin madara. Tsiro ne mai yaɗo, furensa ruwan hoda, ya ce zai yi wa rumfarsa inuwa. Ba wanda ya san sunansa, sai muka riƙa ce masa baƙuwa.

Kafin mu ankara baƙuwa ta haye danga, ta gangara bakin kogi inda lambunmu yake. Can ne Baba ya dasa mangwaron da ya zama rabona na gado. Saiwoyinsa ne ke riƙe da gaɓar, ba don shi ba da tuni ruwa ya cinye lambun. Baƙuwa ta nannaɗe shi tun daga gindi har ƙoli, ta rufe masa rana. Ko awaki ba sa kallonta, don ruwanta fari ne mai ɗaci.

Na yi ta magana har bakina ya gaji, sannan aka kira gayya. Ni na dafa wa mutane abinci, maza suka wuni suna sara. Da na kai musu shayi da la'asar sai na tarar suna tura tarin da suka sare cikin kogi, kamar yadda muka saba yi da kowace shara tun kakanni.

Na ce, "Yaya, ku ƙone ta mana! Ba ka ga 'ya'yanta sun nuna ba?"

Ya ce, "Ke dai ba ki rasa abin hwaɗi. Halas, shi ke nan, ruwa ya tahi da ita, mi kike so kuma?"

Ruwa kam ya tafi da ita, ya raba wa kowa. Da kogi ya janye, gaɓa ta cika da ita har ƙauyen da ke ƙasa da mu. Ta kashe duman rafi, tsuntsayen da ke saƙa gida a rassan bagaruwa suka watse. Ta sake haye mangwaron har ya bushe a tsaye, ambaliyar bara ta tafi da shi da rabin lambun.

Har yau abin na ci mini rai. Da na je gidan Yaya in gaya masa, ya ce in yi haƙuri, ya shimfiɗa mini tabarma a rumfa. Na ɗaga kai na ga furenta na lilo a kaina, sai na ja tabarmar na zauna a rana.