Gonar da ke Yamma da Dutse

Shekara huɗu bayan mun baro ƙauyenmu mun koma Safana da zama, Baba ya roƙe ni wani abu. Na ce roƙo, domin haka maganar ta fito daga bakinsa, shi kuwa mutum ne da tun tasowata umarni kawai na sani a wurinsa. Yana zaune kan buzu a zaure, ƙafafunsa da suka daina ɗaukarsa suna miƙe, sai ya nuna aljihuna da carbi.

"Wannan wayar taka da kake ɗaukar duniya da ita, ba za ta ɗauko mani gonata ba?"

A lokacin ina koyarwa a Katsina, kuma ɗaukar hoto ya shiga raina. Faɗuwar rana, shanu a mashaya, hadari idan ya haɗu, duk ɗauka nake in ɗora a intanet, mutane su yaba, kaina ya yi ta kumbura. Baba kuwa aikin marasa aiki yake kiran abin. Shi ya sa da ya yi wannan magana na san ta daɗe tana cin sa.

Gonar tana gaba da garin Babban Duhu, a gindin wani dutse ta ɓangaren yamma, inda daji ya fara. Tun da ɓarayin daji suka matsa wa yankin, ba wanda ya sake sa mata fartanya. Baba ya san haka. Ya ce ba gero yake tambaya ba, gawonsa yake so ya gani. Bishiyar gawo bakwai ne a gonar, kuma ba shuka su ya yi ba. Tsirowa suka yi da kansu, shi kuma ya riƙa kauce masu da garma, yana kewaye su da ƙaya saboda awaki, har suka zama manya. Gawo yana zubar da ganye da damina, gero ya sami rana a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi kore shar, shanu su ci 'ya'yansa su kwanta a inuwa su bar taki. Dukan da ba zan manta ba a rayuwata, a kan na sare wani ƙaramin gawo ne garin noma.

Ƙarshen kaka ne na hau babur zuwa Babban Duhu, wurin Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya ƙi tashi saboda shanunsa. Bayan mun gama gaisawa, an tambayi Baba da jiki, an tambayi birni da yara, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Daga nan ya kafa mani sharuɗɗa. Gonar dai ba mai taka ta. Za mu hau dutsen ta gabas bayan sallar Asuba, in mun kai sama ba mai miƙewa tsaye, kuma kafin hantsi mun sauko. Ya kalli farar rigata ya girgiza kai, ya shiga ɗaki ya fito mani da wata tsohuwar riga mai duhu da ke warin hayaƙi.

Washegari muna sallame salla muka kama hanya. Sanyi ne mai shiga ƙashi, raɓa ta jiƙe karan dawa, ƙarangiya kuma ta yi wa wandona ado. Kawu ya haura sittin, amma tafe yake kan duwatsu kamar akuya, sandarsa a kafaɗa. Ni kuwa ban kai rabi ba numfashina ya fara fita da ƙara. Ya waiwayo ya ce, "Shinkafar birni ba ta riƙe gwiwa, ko malam?" Na ci gaba da hawa.

Da muka kusa ƙololuwa sai na lura da wani abu. Daga gabas ana jiyo carar zakaru da sautin daka, mata sun tashi aikin fura. Daga yamma, inda ƙauyenmu yake, ko tari ba a ji. Na girma da luguden matan garin nan a kunnena, ban taɓa zaton ranar da zan saurara in ji shiru ba.

Muka rarrafa muka kwanta a bayan wani falalen dutse. Na leƙa ƙasa, ban ga komai ba sai duhu, domin inuwar dutsen ta rufe gonar gaba ɗaya. Kawu ya ce sai rana ta ɗaga inuwar ta janye. Ya faɗi haka yana waige-waige, na kuma san kowane minti a nan nauyi ne a kansa.

Ni sai na juya gabas. Sama ta yi ja, ta koma ruwan goro, sannan rana ta ɓullo ta bayan bishiyoyin bakin rafi, hayaƙin murhu yana kwance a kan gari. Gaskiya ban taɓa ganin safiya irin wannan ba, kuma gaskiya na manta abin da ya kawo ni. Na yi ta ɗauka, ina gyara kwanciya, ina tunanin abin da za a ce in na ɗora. Sai na ji hannun Kawu a kafaɗata. Ya ɗaga haɓa wajen yamma.

Inuwar ta janye. Na nemi gawo ban gani ba. Na ɗauka gonar wani nake kallo, sai na gane tudun tururuwan da ke kan iyaka. Gonarmu ce. Kututture bakwai na ƙirga, da baƙaƙen tabo biyu a ƙasa inda aka toya gawayi. Hoto ɗaya tak na iya ɗauka. Muka sauko, sai da muka kai gindin dutse Kawu ya ce, "Kar ka nuna mashi. Tsoho ne, ka bar shi da abin da ke ransa."

Na yarda da shawarar. A kan babur na zaɓi hoton gabas mafi kyau, wanda bishiyoyi suka fito baƙi wuluk a gaban rana, ba ka rabe wannan da waccan. Na ce a raina idon Baba ya yi rauni, zai ga bishiyoyi tsaye, hankalinsa ya kwanta.

Da na isa wurin Baba na durƙusa na gaishe shi, na isar da gaisuwar Kawu, sannan na miƙa masa wayar. Ya sa tabarau, ya kawo ta dab da hancinsa. Ya daɗe yana kallo.

"Ya yi kyau," ya ce. "Wannan tsamiyar bakin rafi ce. Waccan kuma kukar hanyar kasuwa. Gabas ka duba. Yaushe rana ta fara fitowa ta bayan gonata?"

Kunya ta rufe ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ka juya yamma ko ba ka juya ba?"

"Na juya, Baba."

"To nuna mani abin da ka gani. Ban aike ka ka ji tausayina ba."

Na buɗe masa. Na ga leɓunansa suna motsi yana ƙirgawa, har ya kai bakwai. Ya yi salati a hankali. Ƙwalla ta gangaro cikin gemunsa bai share ba, ni kuma na sunkuyar da kai ina jin haushin kaina da haushin wayar da haushin duk wanda ya ɗaga gatari a gonar nan.

Can sai ya ce in ƙara girman hoton. Na ja da yatsu biyu. Ya nuna gefen wani kututture da farce.

"Mi ne ne wannan kore-koren?"

"Ciyawa ce, Baba."

"Ciyawa ɗanya a ƙarshen kaka? Kai dai bokon nan bai bar maka komai ba."

"Ko sabara ce?"

"Sabara toka-toka take. Wannan toho ne. Gawo ne yake fitowa, yanzu ne lokacinsa. Saiwar tana da rai."

Muka bi kututturan ɗaya bayan ɗaya. Biyar suna da toho, biyu babu. Ya gyara zama, muryarsa ta koma irin wadda na sani tun ina ƙarami. Ya ce kowane kututture zai fitar da toho da yawa, in aka bar su duka za su cinye juna su zama sarƙaƙiya. A zaɓi biyu mafi ƙarfi, masu miƙewa, a yanke sauran da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama, a kewaye da ƙaya. Bayan shekara biyu a cire ɗaya a bar ɗaya. Ya sa na maimaita masa sau uku, kamar mai biya allo.

"Ni dai ba zan koma ba," ya ce. "Kai za ka koma. Kar ka ce ba a faɗa maka ba."

Allah ya karɓi ransa kafin ruwan farko na daminar da ta biyo. Hotunan fitowar ranar nan ban ɗora ko ɗaya ba, suna nan cikin waya tare da hoton gonar, wanda ya fito a karkace. Na sa maƙeri a Safana ya ƙera mani wuƙa, tana rataye a ɗakina cikin kube. Duk ƙarshen kaka nakan kira Kawu in tambaye shi ko hanyar gonar ta yi lafiya, shi kuma ya ce in ƙara haƙuri. Bana ma na kira shi. Tohon nan yanzu ya isa ya wuce tsayina, kuma har yau ba wanda ya je ya zaɓar masa biyu.