Fim Ɗin Da Danladi Ya Tsayar

Shekara shida ke nan da aka kashe Danladi a hanyar gonarsa. Ina wurin. Ni na dawo, shi bai dawo ba.

Ni direba ne, doya nake ɗauka. Danladi manomi ne, gidansa na Ketaren Gwari. Duk Lahadi, in ya taso daga coci mu kuma mun yi la'asar, sai mu taru a falonsa: shi, ni, Isa tela, Bulus da Garba mai shago. Matarsa, Maman Rifkatu, ta rataya bargo a taga don ɗaki ya yi duhu, ta ajiye mana dafaffiyar gyaɗa. Shi kuma ya tayar da janareta ya sa faifai. Tsofaffin finafinan Turawa yake so, marasa kala, irin waɗanda ake kashe mutum cikin gida a rasa wanda ya yi. Ba na jin Turanci. Shi ke fassara mana, yana ƙara nasa.

Yana da wani hali. In fim ya kai inda zuciya ke bugawa, sai ya tsayar ya juyo. "To, wa ya yi kisan?" Kowa ya faɗi nasa. Ni kullum mai zare ido nake nunawa, shi kuma ya yi ta dariya. "Haba Sale, kai dai tuƙi kawai ka iya. Rabu da mai ihu. Dubi wanda ya fi kowa natsuwa a teburin." Daga nan ba zai ƙarasa ba sai wata Lahadin, ko za a haɗa shi da Allah.

Lahadin ƙarshe, wata mata ce a fim ɗin, ita kaɗai a ɗaki, tana kallon hannun ƙofa yana juyawa a hankali. Nan ya tsayar. Isa ya buga cinya ya ce, "Danladi, wallahi kai mugu ne!" Muna sa takalma Danladi ya ce mini, "Gobe doya. Mu bi tsohuwar hanya, ba mai bin ta yanzu." A falon ya faɗa, ba a waje ba.

Washegari muka tarar da 'yan bindiga a tsohuwar hanyar, a zaune ƙarƙashin itace kamar masu jiran mota. Ba su tambayi sunan kowa ba. Ɗayansu ya nuna Danladi da bakin bindiga ya ce, "Wannan ne mai tsayar da fim." Suka yi dariya. Na daɗe a hannunsu. Abin da na gani can ba na jarida ba ne.

Da Danladi zai leƙo Minna yau, ban san me zai ce ba. Gonarsa ta koma daji. Mutanen ƙauyensu sun cika Sauka Kahuta da Fadikpe, manoma suna tura baro. Kowa na kallon fim shi kaɗai a waya, ya ja da yatsa ya ga ƙarshe. Wannan zai ba shi haushi. Abin da zai fi ci masa rai shi ne, yanzu mutum ba ya faɗin inda za shi gobe, ko a gaban wanda suke cin kwano ɗaya.

Maman Rifkatu ta ba ni injin kallon da faifan. Duk shekara, Lahadin da ta zo daidai, nakan kira mutum ukun nan gidana. In rataya bargo, in dafa gyaɗa, in sa fim. Ba mai fassara. In hannun ƙofar ya fara juyawa, sai in tsayar in juyo in yi tambayarsa. Mai yiwuwa ba ɗayansu ne ya kai labarinmu ba. Mai yiwuwa wani ya yi suɓul da baka ne a teburin mai shayi. Na sani. Maman Rifkatu ta sha ce mini, "Baban Hauwa, ka bar fim ɗin nan ya ƙare mana, mu huta." Ban iya ba.

Danladi bai bar gida mai bene ba, gonar ma ba ta kowa ba ce yanzu. Abin da ya bar mini ido ne. Shi ya koya mini inda ake duba.

Bana ma sun zo. Na tsayar, na tambaya. Biyu suka sunkuyar da kai, ɗaya har da hawaye. Na ukun ya ci gaba da ɓare gyaɗa, hannunsa ko rawa bai yi ba.

Na raka shi har bakin titi, na ce baɗi ma ya zo.