Yamusa Mai Gwada Kunnen Kare

A ƙauyukan bayan duwatsun Bwari, tun ba a fara zancen babban birni ba, duk maharbin da karyarsa ta haihu wurin Yamusa yake kai 'yan kwikwiyon. Shi ne mai gwada kunne. Gajere ne, ga taurin kai, kuma kayan aikinsa ba su cika aljihu ba: ɗan gora mai tsakuwa a ciki, guntun ƙarfen garma, sai usur da ya feƙe da kansa.

Ba ya gaggawa. Sai kwikwiyo ya ƙoshi ya yi barci, sannan ya zagaya ta bayansa, inda iska ba za ta kai warinsa ba, inuwarsa kuma ba za ta gifta ba. Ba ya taka ƙasa da ƙarfi, don a cewarsa kurman kare ma da cikinsa yake jin motsi. Sai ya kaɗa goran. In kunne bai motsa ba ya ƙwanƙwasa ƙarfe, in shiru ya busa usur. Wanda ya faɗi duka, ba shi ba daji.

"Wanda ba ta ji, mugun dawa zai same shi ta baya," yakan ce da irin Hausarsa. "Ko kare, ko mutum." Ba wasa yake ba. Da wannan dokar ya raba yayansa Abraham da farauta sa'ad da kunnensa ya mutu, ko gezau bai yi ba.

Akwai wani farin kwikwiyo da ya faɗi gwajin, Lydia matar Yamusa ta ƙi bayarwa, ta raine shi a gindin murhu. Yamusa bai taɓa kiransa komai ba sai Ci-banza.

Wata shekara bayan yaƙin basasa, ana dab da fita farautar rani, ya feƙe sabon usur. Ya busa, shiru. Ya jefar, ya feƙe wani, ya yi ta zagin itacen. Karnukan gidan kuwa duk sun miƙe tsaye da kunnuwa a sama.

Lydia ta sauke itacen da ke kafaɗarta. Ta ɗauki goran, ta zagaya ta bayansa yadda ta sha gani, ta kaɗa. Bai waiga ba. Ta ƙwanƙwasa ƙarfen. Yana nan yana fiƙa. Tausayinsa ya kama ta, amma ta busa usur ɗin da ya jefar, sannan ta zago gabansa ta ajiye kayan uku a ƙasa.

Ya daɗe yana kallonsu. Ba wanda ya san ma'anarsu kamarsa.

Ranar farauta maza suka wuce ta ƙofar gidan da karnukansa a gaba. Bakansa na farauta yana rataye a ɗaki. Yana zaune gindin murhu, ya gutsiri doya ya miƙa wa Ci-banza.