Baba Eriya da Tsohonsa na Sama

Kafin masu shaguna su fara ɗage ƙofofinsu, Baba Eriya ya riga ya hau saman bene. Haka yake yi kowace safiya tun 'ya'yansa suna goye, ga shi yau har sun yi nasu 'ya'yan. Zai ɗora tsohon rediyonsa a kan benci, ya kifa abin sauraro a kunnuwansa, ya ɗauki wata eriya mai kama da ƙayar kifi, wadda ya haɗa da hannunsa daga guntun bututun roba da yankakken tef ɗin awo, ya miƙa ta sama. Daga nan sai ya daskare. Baƙon da ya hango shi daga titi yakan tambaya ko dattijon nan lafiyarsa ƙalau. Mutanen layin sun gaji da bayani, sai dai su ce, "Ƙyale shi, mutuminsa yake jira."

Mutumin nan tauraron ɗan'adam ne, irin masu zagaya duniya suna ɗaukar hoton gajimare. Yana ɓullowa ta wannan gefen sama ya faɗa wancan kafin a dafa shayi a shanye. Ido ba ya ganinsa da rana. Muryarsa kawai ake samu, wani siririn fito mai tafe da ƙas-ƙas irin na agogon bango. Baba yana bin sautin da eriya a hannu. In ya ji ya raunana ya karkata, in ya ji ya washe ya riƙe. Rediyon ba shi da allurar da ke nuna ƙarfin sauti, kunne ne ma'auni. Abin da aka kama yana shiga wata tsohuwar kwamfuta, ita kuma ta mayar da shi hoto, layi bayan layi. In an bi shi daidai, hoto ya fito fes. In hannu ya kauce, wurin ya fito da ɗigo-ɗigo kamar an watsa yashi. Taurarin da Baba ya saurara suna da yawa, amma akwai guda da ya fi daɗewa da shi, kuma Tsoho yake ce masa.

Sana'arsa gyaran rediyo da talabijin ce, a ɗan shagon da ke ƙasan benen. Sauraron sama kuwa ba wanda ya sa shi, son abin ne kawai ya kama shi tun yana saurayi bai sake shi ba. Da ya bar abin a tsakaninsa da bencinsa, da ba mu da abin rubutawa. Amma kullum in ya sauko sai ya juya fuskar kwamfutar ta kalli ƙofar shago. Mai bulo ya leƙo kafin ya kwaɓa siminti. Mai wanki ya leƙo kafin ya shanya zannuwan otel. Masu gini, masu fenti, har da matar da ke shanya barkono a bayan layi, duk sun san hanyar shagon. Magana ɗaya yake yi musu, har yara sun haddace: "Ni ban san gobe ba, Allah ne ya sani. Ga dai inda hadari yake, ga inda ya fuskanta."

Mai bulo har yau yana ba da labarin ranar da gari ya waye tangaram, ya tara leburori, Baba ya sauko babu ko takalmi ya ce masa ya dakata. Ya dakata yana ƙunƙuni. Kafin azahar aka tsuge da ruwan da ya tafi da katangar maƙwabcinsa. Akwai kuma ranar da ya jona lasifika, duk layin ya taru ya ji muryar wani mutum daga cikin kumbon da ke shawagi a sararin samaniya. Mai shayi ya ce, "Baba, tambaye shi ko da madara zan haɗa masa." Baba ya ce shi ba ya magana da su, saurare kawai yake yi, aka kwashe da dariya.

Kai ne, Baba, ka koya wa layin nan ɗaga kai. Kai ne mai jiran abin da ba a gani, ka sauko ka raba wa kowa ba tare da ka tambayi sunansa ba. An yi maka dariya, an kira ka mai hira da aljanu, washegari masu dariyar suka zo leƙen hoto, ka matsa musu benci suka zauna.

To, a farkon daminar bana ne hotunan suka fara lalacewa. Da fari ɗan yashi ne a gefe, daga baya ya ci rabin hoton. Baba ya kwance rediyon ya goge, ya sauya waya, ya sake yanka eriya sabuwa. Ba abin da ya canza. A ƙarshe ya yanke hukunci cewa Tsoho ne ya gaji. "Muryarsa ta dushe," in ji shi. "Ya daɗe a sama, ƙarfinsa ya ƙare. Ranar da ya yi shiru, ni ma na sauke eriya ke nan."

Wannan maganar ce ta hana Goggo sukuni. Goggo matarsa ce, haka duk layin ke kiranta. Ba ta taɓa hawa benen don sauraro ba, tana cewa tsoho ɗaya a ƙasa ya ishe ta, ba sai ta ƙara da na sama ba. Amma ita ta san abin da Baba bai sani ba, ko ya sani ya kawar da kai. Sai ta kira shi sau biyu kafin ya waiwayo. Buta tana fito a kan wuta yana zaune kusa da ita bai motsa ba. Jikarsu tana yi masa surutu da siririyar muryarta, shi kuma yana murmushi yana gyaɗa kai a inda ba wurin gyaɗawa ba. Goggo ta ga duk wannan, ta rasa ta inda za ta fara. Tsoronta ba kurumtar ba ce kaɗai. Ta san mijinta. Benen nan ne ke tashe shi da safe, shi ke sa shi cin abinci da wuri, shi ke sa shi dariya. In ya sauke eriyar nan, kujera zai samu a ƙofar gida ya zauna, kuma ta ga yadda zama irin wannan ya cinye tsararrakinsa.

Ana cikin haka Kafinta, mai aikin rufi na layin, ya zo. Rufin ɗakin mahaifiyarsa ne ke yoyo, ita kuma tana kwance ba ta iya tashi, ba inda za a mayar da ita. Dole ya yaye kwanon gaba ɗaya ya sa sabo, kuma yana buƙatar wuni guda babu ruwa.

"Baba, duba mini," ya ce. "In na yaye rufin nan hadari ya taso, ban san yadda zan yi da tsohuwa ba."

Baba ya dubi hoton ranar, yashi ne daga sama har ƙasa. Ya daɗe yana kallo, yana shafa gemu.

"Ɗana, ban ga komai ba. Ba zan ce maka abin da ban gani ba. Ka dawo gobe."

Ranar bai ci abincin kirki ba. Goggo tana kallonsa yana juya cokali, ita ma nata ya ƙi wucewa.

Da gari ya waye ya ɗauki rediyo ya nufi matakala. Yana kaiwa sama ya ga inuwa a bayansa. Goggo ce, tana dafe da gwiwa tana haki.

"Yau kuma? Lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Na zo in ga abokin naka kafin ya mutu, kada a ce ban yi dubiya ba."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya jona wayoyinsa, ya kifa abin sauraro, ya ɗaga eriya ta inda Tsoho zai ɓullo. Ya murɗa sauti har ƙarshe. Goggo tana tsaye nesa da shi, amma sai ga fiton yana fitowa daga abin da ke kansa, ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, tar-tar kamar a cikin kunnenta. Shi kuwa ya runtse ido, ya tattare goshi, yana lalube da eriya dama da hagu, yana wuce sautin yana dawowa bai sani ba.

"Kin gani ko?" ya ce da ƙarfi. "Da ƙyar yake numfashi. Zo ki ji da kanki."

Ya cire ya kifa mata. Ƙarar ta doke ta har ta zabura, ta kai hannu ta ɗaga abin daga kunnenta. Ya ga zaburar. Ta san ya gani.

A nan Goggo ta tsaya tsakanin abu biyu. Tana iya cewa eh, Malam, ya dushe, ya sauka da mutuncinsa yana makokin tauraro, ba wanda zai taɓa sani. Bakinta har ya buɗe don faɗin hakan. Sai ta tuna jiya, da Kafinta a tsaye, yadda mutumin nan ya gwammace ya ji kunya da ya faɗi abin da bai gani ba.

Ta matso daf da shi yadda zai ga bakinta.

"Malam, Tsoho lafiyarsa ƙalau."

Ya dube ta, ya dubi rediyon, ya kai yatsa ya taɓa kunnensa kamar na wani ne. Hannun da ke riƙe da eriya ya fara sauka a hankali har bakin eriyar ya kalli siminti. A kunnen Goggo fiton ya nutse cikin shuuu, kamar ruwa a kan kwano. Tsoho yana tafiya, ba ya jiran kowa, kuma in ya faɗa sai wata safiyar.

"Ɗaga!" ta daka masa tsawa, irin wadda ba ta taɓa yi masa ba tun aurensu. "Ɗaga mana, yana wucewa! Tsohuwar Kafinta fa!"

Ya ɗaga. Ta ce dama, bai ji ba, iska tana kwashe maganar. Sai ta zagaya bayansa ta dafa kafaɗarsa ta dama ta tura. Ya juya. Fiton ya dawo. Ta matsa kafaɗar da ƙarfi, ya gane nufinta ya riƙe. Da sautin ya fara zamewa ta ja shi baya kaɗan, ya ɗaga sama. Hannunsa ya san hanyar Tsoho tun da daɗewa, ɗan gyara kawai yake nema. Haka suka bi shi, tana tura shi tana jansa kamar mai koya wa yaro keke, hawaye na zuba a fuskarsa bai share ba don hannuwansa ba sarari, har Tsoho ya faɗa bayan tankin ruwa.

Hoton ya fito fes, in ban da wani baƙin zane a tsakiya, daidai lokacin da hannunsa ya sauka. Ga hadari nan jibge ta gabas, ya fuskanto gari. Baba ya nuna wa Kafinta da yatsa ya ce ya haƙura tukuna. Ruwan bai zo ranar ba, Kafinta ya wuni yana kallon sama yana cizon yatsa. Washegari da hantsi aka kece da shi har yamma. Da sama ta washe a hoto, ya yaye rufin ya sa sabo, tsohuwa tana kwance ko ɗigo bai taɓa ta ba.

'Yarsu ta kai shi asibiti. Likita ya ce siraran sautuka su ke fara tafiya, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. An ba shi ɗan abin maƙalawa a kunne, yana taimaka masa a hira, amma fiton Tsoho ya fi ƙarfinsa. A ƙarshen watan nan zai rufe shagon gyara, don ba a gyaran rediyo da kunnen aro. Ya ce dai kwamfutar za ta ci gaba da kallon ƙofa.

Hankalinmu bai kwanta duka ba, gaskiya. Gwiwar Goggo ba ta son matakalar nan, kullum sai ta huta a tsakiya, mu kuma muna ƙasa muna kallo da zuciya a hannu. Tsoho ma wata rana zai yi shirun gaske. Shi ya sa muke roƙon masu ƙarfin ƙafa da lafiyayyen kunne, maza da mata, su hau su koya tun malamin yana nan. Ba ya korar kowa. Wanda kuma sama ba ta dame shi ba, ya dubi abin da ya iya, ya juya shi ya kalli ƙofa yadda Baba ya yi.

Mun gode, Baba Eriya, mai kunnen unguwa. Kai ne ka ji gaskiya mai ɗaci a kan bene, ka sake ɗaga hannu. Ke kuma Goggo, mun gode da ba ki yi masa ƙaryar tausayi ba. Allah ya ƙara muku lafiya, ya bar ku tare.

Gobe da sassafe, in ka bi ta layin, ka ɗaga kai. Za ka ga dattijo riƙe da eriya, da dattijuwa a bayansa da abin sauraro a kan ɗankwali, hannunta a kafaɗarsa. Jiya mai shayi ya ɗaga murya ya tambaye ta me Tsoho yake cewa. Ta leƙo ta ce, "Wanne daga ciki?" Baba bai ji tambayar ba, bai ji amsar ba, amma ya ji kafaɗarsa tana girgiza da dariyarta, sai shi ma ya kama dariya, eriya tana sama bai sauke ba.